Maɓallin Rigar Da-Sauƙi

A gidan burodin da ya yi rabin rayuwarsa, kowa Da-Sauƙi yake kiransa. Tanda ta ƙona shi, da sauƙi. Buhun fulawa ya faɗo masa a ƙafa, da sauƙi. Mutum ne mai fara'a, mai rera waƙa a bakin aiki da wata murya da sai haƙuri, kuma a ganinsa ƙorafi ba na magidanci ba ne.

Ranar da injin kwaɓa ya kama masa hannun dama, yatsu uku suka sandare, masu gidan suka kai shi asibiti, daga baya suka sallame shi. Matarsa ce ta ja shi wurin lauya yana tirjiya. Abu ɗaya ake nema: kotu ta yarda hannun ya nakasa a bakin aiki, a biya shi diyya. In ba haka ba, tukunyar gidansa za ta daina hawa wuta.

Lauya ya ja masa kunne: "Baba, in an tambaye ka, gaskiya kawai za ka faɗa." Ya ce to.

Ranar zama, alƙali ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, me ka kasa yi yanzu da hannun nan?"

"Ranka ya daɗe, ba komai. Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Lauyansa ya dafe kai. Lauyan gidan burodi kuwa har da gyara zama, baki ya ƙi rufuwa.

Aka kira matarsa shaida. Ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya dogon bayani ba. A ce ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa, ya mayar."

"Haba, uwar yara! A gaban mutane?"

"A gabansu, maigida."

Alƙali ya ce a gwada. Ɓallewa ba ta ba shi wuya ba, da hagu ya yi. Wajen mayarwa fa, ɗan maɓallin nan ya dinga sulluɓewa kamar sabulu. Ya gwada, ya sake gwadawa. Can ya sauke hannu.

"Ita ke saka min kullum," ya ce a hankali. "Sai ta rufe ƙofa, kada yara su gani."

Kunya ta kama shi sosai. Amma da maganar ta fita, sai ya ji ƙirjinsa sakayau, har dariya ta kuɓuce masa. Alƙalin ma sai da ya murmusa.

A zama na gaba kotu ta ba shi gaskiya, ta ce a biya shi. Tun daga harabar kotu ya fara waƙa, matarsa na roƙonsa ya rufa musu asiri.

Washegari da safe ta ɗauko masa riga, ta miƙa hannu za ta tura ƙofa.

"Bar ta a buɗe," in ji shi. "Zo ki saka min."