Baba Tsanaki, Mai Korar 'Yan Rakiya

Bakwai da rabi Baba Tsanaki yake shigowa ofis, ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai ƙarar fanka. Shekara ashirin da biyu ke nan yana kula da kayan aikinmu, mu masu rubuta manhaja. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Bara muka yi wa wani asibiti manhajar da ke tuna wa ma'aikatan jinya lokacin ba da magani. Sai ta fara makara da awa guda a kan wasu majinyata. Ɓangarena ne, don haka ni aka tasa a gaba. Kwana huɗu ina bin ta layi-layi da manhajar gano kuskure, ita kuwa tana nuna min komai daidai. Manaja ya ce in jibi ta yi ban gano ba, zai ba wani kujerata.

Baba ya jawo kujera kusa da ni.

"'Yata, wa ke ce miki daidai ne? Manhajar, ko 'yan rakiyarta?"

"Wane 'yan rakiya kuma, Baba?"

Ashe duk sanda na buɗe manhajar gano kuskuren, wasu ƙananan fayilolin umarni, da suka biyo kayan da muka ɗauko daga waje, suna kunna kansu ba sallama. Ɗayansu yana gyara lokaci kafin ya bayyana a allo, sai ɓarnar ta ɓuya. Baba ya buɗe fayil ɗin saiti, ya rubuta layi ɗaya da ya hana su tashi sai an kira su. Muka sake gwadawa. Ga kuskuren ƙuru-ƙuru, kuma nawa ne. Minti goma na gyara shi.

Da manaja ya leƙo, Baba cewa ya yi kawai, "Ta gano shi." Daga nan ya bi tebur-tebur yana rufe wannan ƙofar a kowace kwamfuta.

Baba, kai ne mai gyara ba tare da tozarci ba. Akwai majinyatan da suka sha magani a kan lokaci, ba su san da kai ba, kai ma ba ka san fuskarsu ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji teburinsa, saitin yana nan a rubuce, kowa zai iya kwafa. Jawo kujera kusa da wanda ya rikice ne sai kun koya.