Baba Mai Keji Ya Ajiye Walda

Kullum da safe, kafin ya kunna injin walda, Baba Mai Keji kan bi sandunan bututun ƙarfen da ke jingine a bangon gareji yana shafa su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. Shekara talatin da huɗu yana haka. Aikinsa shi ne haɗa kejin ƙarfe a cikin motocin tsere, wanda ke hana rufi danne direba idan mota ta kife. Jiya ya rufe garejin. Hasken walda ya cinye idonsa na hagu, na daman ma likita ya ce saura ƙiris.

Duk direban da ya shigo, magana ɗaya ce a bakinsa: kuromoli. Ƙarfe ne mai ƙwari, ko siririn bututunsa ya isa, sai mota ta rage nauyi ta ƙara gudu. Baba bai taɓa musun haka ba, ya ma yi kejin kuromoli da dama da ke tsaye har yau. Sai dai yakan ce kuromoli ɗan gata ne: in aka yi masa gaggawa wajen wuta, ko ya huce da sauri, gefen waldar kan yi gautsi, ya tsage ba sallama. Baƙin ƙarfe kuwa akwai nauyi, amma akwai haƙuri. In aka doke shi sai ya lanƙwashe, ya shanye bugun.

Yayana direban tsere ne. Ina tare da shi ran da ya kai motarsa wurin Baba, gasa saura kwana uku.

"Baba, kuromoli nake so. Nauyin nan na kashe ni."

"Kwana uku ba su isar kuromoli, ɗana. Ko ka ba ni mako biyu, ko ka karɓi baƙin ƙarfe."

"Haba Baba! So kake in zama kunkuru a fili?"

"Ai kunkuru a gida yake kwana."

Yaya ya yi gunaguninsa ya haƙura. Amma amininsa, direban da ake wa laƙabi da Guguwa, wanda shi ma ya zo neman kuromoli, da Baba ya yi masa faɗa kan gaggawa sai ya yi tsaki ya ja tasa motar zuwa wani garejin. Cikin kwana biyu aka haɗa masa kuromoli.

Ranar gasa, a kan wata gangara, motocin nan biyu suka gogi juna suka yi ta wuntsilawa. Kejin yaya ya lotsa har ya taɓa hular kwanonsa, amma bai saki ba. Aka fito da shi da karyayyar kafaɗa. Na Guguwa ya ɓalle wuri biyu, daidai bakin walda. Guguwa ya rasu, ya bar matarsa da jariri ɗan wata huɗu.

Da muka je yi wa Baba godiya, mun same shi zaune a kan tsohuwar taya, bai kunna inji ba. Bai ce ai na faɗa ba. Cewa ya yi, "Faɗa kawai na yi wa yaron nan. Da na bi shi na roƙe shi." Shekara tara ke nan, har yanzu in aka ambaci Guguwa sai ya sunkuyar da kai.

Kai ne, Baba, wanda ba a taɓa rubuta sunansa a jikin kofin gasa ba. Kai ne aka kira mai taurin kai, ɗan zamanin da, ka shanye kamar baƙin ƙarfenka. Mutanen da suka fito daga kejinka da ƙafafunsu suna da yawa, amma jiya mu huɗu ne kawai muka taya ka kwashe kaya.

Mun gode. Mahaifiyarmu ta ce a gaya maka ba ta idar da salla ba tare da ta ambace ka ba. Allah ya tsare maka abin da ya rage na ganinka.

Ku kuma masu walda da ke tasowa, ku yi koyi da shi. In lokaci bai isa ba, ku ce bai isa ba, ko za a zage ku. Direba na iya yin fushi ya huce. Wanda aka binne ba ya dawowa gyara.