Sifanar mai shayi ce ta kwance notin birkina

Jama'a, abin da ya gagari gareji guda, yau a teburin mai shayi na samo maganinsa!

Zan ɗauki fasinjan Mashi, sai birkin motata ya nutse. Bututun man birki ne ke yoyo, notinsa kuma duk tsatsa. Oga Sale bakanike ya sa sifana mai buɗaɗɗen baki, ta zame sau biyu. Sai ga shi da filaya!

Na ce, "Oga, wallahi ba za ka cinye mini kan noti ba."

Ya ce, "To, kwance da haƙoranka."

Na koma gefe ina huci. Sai na hango Malam Iro mai shayi yana buga ƙusa a gwangwanin madara da wata sifana mai zobe, bakinta a tsage. Ya ce Oga ne ya yar, wai karyayya ce. Karyayya? Ta bututun birki ce fa! Bututun ke shiga ta tsagar, sannan ta rungume notin.

Na karɓo ta, na zuba wa notin kananzir, na jira ya jiƙa, na murɗa a hankali. Ƙas! Ya kwance.

Yanzu wai Oga na cewa tasa ce. Na samo wa Malam Iro 'yar guduma, sifana kuma tana aljihuna. In ya isa ya zo ya ciro ta da filayar!