Idanun Inna a Jikin Zane

Saura mako guda a rataye zanena a wani ɗakin baje kolin zane-zane a cikin Kano, amma fuskar Inna ba idanu. Komai ya fito: turmin da ya tsage, ƙwaryar da take shiƙar gero da ita, har akuyar nan marar kunya da ke cusa baki a tsaba. Idanun ne suka gagare ni. Na zana na goge har fentin wurin ya yi tudu.

Ni ne ɗan fari. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma haɗa ido da shi. Da haka na tashi, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba sai da burushi ya tsaya a hannuna. Ashe ban san yadda mahaifiyata take kallo ba! Na ɗauko hoton katin zaɓenta, na tarar ta zazzaro ido kamar an ritsa ta a gonar wani.

Na ɗaure zanen a bayan babur na nufi ƙauyenmu, gaba da Zakirai kaɗan. Na tarar da Inna tana shiƙa a tsakar gida, na jingina shi a jikin rumbu, na zauna daidai inda dole ta gan ni. Ina! In na koma dama, ta juya hagu. Na yi tarin ƙarya, na yar da murfin fenti, duk a banza. Daga ƙarshe ta dubi autarmu, wadda ta zo wankan jego, ta ce, "Ke, ce wa mutumin nan ya matsa, ƙaiƙayi zai ɓata masa aiki."

Abin ya ba ni dariya, ya kuma sosa mini rai. Na faɗa wa autar abin da ya kawo ni.

"Yaya ke nan," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Ai kai kaɗai ne a gidan nan ba ka san idon Inna ba. Da ka juya baya take zuba maka shi, ba ta ɗaukewa sai ka shige zaure."

Na ja kujerar da nake zaune a kai, na ba Inna baya, na ɗauki burushi.

"Yanzu fa?" na tambaya.

"Tana kallonka."

"To, faɗa mini yadda suke."