Garin Katako a Cikin Kwali

Ni ɗan unguwar Katako ne, a nan Jos. Mahaifina mai yankan katako ne, kuma a layinmu duk wanda zai yi tafiya shi yake bar wa makullin rumfarsa. Akwai wata doguwar ƙusa a bangonsa, kullum cike take da makullan mutane. Da wannan sunan nasa na samu aiki, domin shi ya je da ƙafarsa ya tsaya mini a wani kamfanin jirgin sama na dakon kaya.

Kamfanin da tsohon jirgi guda ya fara. Yana kwasar kabeji da karas da koren wake na manoman Filato zuwa Legas, ya dawo da wayoyi da atamfa da turare. Kasuwa ta buɗe har suka ƙara jirage. Ni aikina lodi da sauke kaya. A wannan sana'a sikeli ne alƙali: ana auna kwali idan ya sauka, a sake aunawa ranar da mai shi ya zo ɗauka. In nauyi ya yi daidai, magana ta ƙare.

Shugabanmu a sito shi ne Oga Ɗanladi. Ranar farko ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanina, mene ne sana'ar Baba?" Na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla." Ni kuwa sakarai, na ɗauka ƙauna ce.

Da karas aka fara. Kwali ya fashe, Oga ya ce in kai gida, ai zubarwa za a yi. Daga nan sai kwalbar turare. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "In ka cire abu, sai ka mayar da nauyinsa. Ba ku da garin katako a rumfa? Jiƙa shi, ɗaure a leda, ka kawo."

Haka na riƙa share rumfar Baba da sassafe, har yana sa mini albarka wai na fara hankali. Wannan albarkar har yau tana ƙona ni. Mu buɗe kwali ta ƙasa, mu zare wayoyi, mu cusa leda, mu liƙe da salatif. Mai kaya sai ya isa shagonsa zai gani, ya rasa ko a Legas aka cuce shi ko a nan. Oga ke sayarwa, ya miƙo mini abin da ya ga dama, ina godiya har da rusunawa.

Asiri ya tonu ranar da wata leda ta fashe, jan ruwan garin katakon maɗaci ya jiƙe kwali a kan sikeli, mai kayan yana tsaye. Da 'yan sanda suka zo, a gabana Oga Ɗanladi ya ce, "Yallaɓai, ni a unguwar Daɗin Kowa nake, ina zan ga garin katako? Ku tambayi wanda ubansa ke Katako." Ko kallona bai yi ba.

Tunda Baba ne ya tsaya mini, kuma garin daga rumfarsa ya fito, suka je suka ɗauko shi a bayan mota, da rana tsaka, kasuwa tana kallo. Na amsa laifi duka don a sake shi. Na ambaci Oga, amma ba abin da aka samu a hannunsa. Ni aka ɗaure.

A gidan yari wani tsohon abokin aiki ya zo duba ni. Na ce, "Oga bai aiko da ko gaisuwa ba?" Ya girgiza kai ya ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba? Wanda ka gaji wurinsa ɗan mai buga bulo ne. Lokacinsa yashi ake zubawa." A ranar na yi kukan da ban yi a kotu ba. Ashe tun tambayar farko mutumin nan ya gama da ni. Ba ni ya zaɓa ba, rumfar ubana ya zaɓa.

Da na fito, na tarar kamfanin ya daina sauka Jos, 'yan kasuwa sun guje shi, manoma sun koma jiran mota kayansu suna yaushi a hanya. Oga kuwa an ce yana wani gari, a wani sito. Na wuce Katako na durƙusa gaban Baba. Ya ce, "Tashi, na yafe maka, Allah ya yafe mana." Da na ɗaga kai sai na ga ƙusar nan. Makulli ɗaya ne a jikinta, nasa.

Na tuba, yanzu dakon katako nake yi a layin. Samari, ku ji daga bakin wanda ya gani: abin da ba naka ba, ko karas ne a ƙasa, bar shi a ƙasa. Kuma duk babban da ya ce ka kawo wani abu daga gidanku don a rufe ɓarna, ka sani ya riga ya zaɓi wanda za a kama. Ni na gama zaman da aka yanke mini. Baba kuwa kullum da safe yana buɗe rumfa, ya zauna a ƙarƙashin ƙusar nan, kuma har yau ba wanda ya sake kawo masa makulli.