Rai-ɗore a Cikin Shinge

Jiya jikana ya buɗe wani gwangwanin gahawa a ɗakina, ƙamshin ya buge ni, sai na ji fuskata ta ɗau zafi kamar an kama ni da hannu a tukunya. Ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce ya rufe abinsa. Tsohuwa da ni, amma har yau ƙamshin nan kunya yake ba ni. Bari ku ji dalili.

A wani ƙauye na tashi, tsakanin Gwarzo da Kabo, zamanin da gyaɗa ce sarauniya. In kaka ta yi, kowane gida ɓarar gyaɗa ake, buhuna jingine a zaure suna jiran motar Kano. A irin wannan lokaci kakana na wajen uba ya dawo daga Makka. Da ƙafa ya tafi, ya yi shekara da shekaru, har an fitar da rai. Ya dawo a rame, yanar ido ta fara rufe masa gani, ga wata 'yar jakar fata da ba ya bari kowa ya taɓa.

Irin gahawa ne a ciki. A hanya guzuri ya ƙare masa, ya tsaya ƙwadago a gonakinta a ƙasar Habasha. In ya fara labarin ba ya gajiya. Wai a kan tuddai masu sanyi take fita, a inuwar manyan itatuwa, kuma sai ta yi shekaru kafin ta haihu. Furenta fari ne mai ƙamshi. 'Ya'yan in sun nuna su yi jawur, a tsince su ɗaya-ɗaya da hannu, a shanya, a daka a cire ɓawo, a sheƙe, sai ka ga ƙwaya biyu sun haɗa ciki kamar gyaɗa. Sannan a soya a kasko, a kirɓa, a dafa.

Da damina ta sauka ya sa aka yi masa ɗan rami a inuwar ɗorawa kusa da rijiya, aka zuba takin juji, ya lalluba ya shuka. Kullum da safe sai ya tambayi Iya, matarsa, "Ta tsiro?" Kullum ta ce tukuna. Idonsa na ƙara rufewa, muryarsa na ƙara yin ƙasa. Ran nan da ya tambaya, Iya ta dubi wurin, ta dube shi, ta ce, "Ta tsiro, Alhaji."

Abin da ya tsiro rai-ɗore ne. Rai-ɗoren nan dai na kan juji, mai warin ganye, wanda ko akuya ba ta kula shi. Da takin ya zo.

Iya ta tara mu a bayan ɗaki ta ce duk wanda ya buɗe baki ba ita ba shi. Babana ya sunkuyar da kai, ya je ya saro ƙaya ya kewaye ciyawar. Ni kuma da yake ni ce 'yar lelen Alhaji, mai ja masa gora, wadda yake kira amarya, aka ɗora mini ban-ruwa.

Wayyo ni! Rijiyar nan ta kowa ce. In na zo da tulu, 'yan mata su yi ta ƙyaƙyata dariya: "Ga mai rainon rai-ɗore!" Mai sayen gyaɗa in ya wuce sai ya ce wa babana, "Yaushe za mu kawo sikeli, a auna mana na cikin shingen?" Na sha fatan ƙasa ta tsage in shige. In na riƙo sandar Alhaji muna tafe, ina jin haushinsa a raina, ina cewa wane irin mutum ne wannan da duk gari ya san abin da bai sani ba.

Da ta yi 'ya'ya a daminar farko, dogaye kamar wake, Iya ta ce masa ai ƙasarmu ce mai gaggawa. Ya yi dariya ya ce, "To, madalla."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan an cire gyaɗa sai ga abokin tafiyarsa daga Kabo a kan jaki, wanda suka yi tsintar gahawa tare, idonsa garau. An gaisa, an tambayi iyali da gajiya da amfanin gona, sai ya ce a kai shi ya ga shukar da ya ji labari. Iya na bayan ƙofa, hannu a ka. Ni na ja su zuwa wurin.

Baƙon ya tsaya a bakin shingen. Ya daɗe yana kallo. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Can ya ce, "Masha Allah, Alhaji. Hannunka da albarka." Iya ta soya ƙwayar rai-ɗoren ta daka ta dafa, suka shanye a zaure suna tuna hanya, babu wanda ya yamutsa fuska.

Da muka rako baƙon muna dawowa, Alhaji ya ce in bi da shi ta rijiya. Ya miƙa hannu ta saman ƙaya, ya tsinko ganye, ya murza, ya kai hanci.

"Amarya," ya ce, "ganyen gahawa ba ya wari."

Na daskare. Na ce, "Ashe ka sani?"

"Tun ranar farko. Irin nan ya mutu tun a hanya, ni ne dai na kasa haƙura."

"To me ya sa ka yi shiru, ana ta yi mana dariya?"

"Kakarki ta riga ta ce ta tsiro. In ƙaryata ta a gaban 'ya'yanta? Maza ɗauko tulunki. Kuma kada ta ji."

Kunyar da na ji a wurin ta shafe duk ta baya. Mu muna ganin asirinsa muke rufawa, ashe shi yake rufa namu, ni kuwa ina gaba riƙe da sandarsa ina ganin wautarsa. Na ci gaba da ban-ruwa har ranar da aka ɗauke shi. Iya ta bi shi ba ta taɓa sani ba.

Yanzu an daina dalar gyaɗa, rijiyar ma an cike ta, gahawa kuma a gwangwani take zuwa, babu mai tambayar wa ya tsince ta. 'Ya'yan yau kuwa gaskiya suke faɗa maka tsirara, su ce wayewa ce. Wataƙila suna da hujja. Amma ni in na ga rai-ɗore a bakin hanya, gyara mayafina nake in rage sauri, kamar zan wuce ta gaban manya.