Adama da Gishirin da Ke Cin Bangon Mahaifinta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a ɗakin ƙasa na gidan Hajiya Adama a Hindawiyya, tun rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. A nan Makka aka haife ta, amma Hausarta ta Kano ce irin ta da. Ta haura saba'in. Gajera ce marar jiki, ta daɗe tana sayar da kunu da ƙosai a titin Mansur kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ba ta da yawan magana, sai dai in ta ce a'a, to ka nemi wata ƙofar.

A tsakar gidan akwai bangon da mahaifinta Malam Labaran ya zana. Da ƙafa ya taho daga Kano, shekara bakwai yana tafe yana ɗinki a garuruwa. Da ya sami wurin zama sai ya shafe bangon da farar ƙasa, ya ja hanya da shuni tun daga ƙasa, tana lanƙwasa tana hawa. Duk garin da ya zauna ya kewaye shi da jar ƙasa, ya rubuta sunan da ajami: Kano, Yarwa, Farlomi, Abeshe, Jinaina, Fashir, Sawakin, Jidda. A gefen Jinaina akwai ɗigo baƙi, can aka binne mahaifiyarsa.

Shekara uku da suka wuce bangon ya fara fitar da wani farin abu kamar gari. In ka taɓa, launin ya biyo yatsanka. Daga ƙasa ya faro, ya ci Kano, ya ci Yarwa, ya kama gefen Farlomi.

Adama ta yi abin da kowaccenmu za ta yi. Duk Juma'a takan jiƙa farin ƙyalle da Zamzam ta goge bangon tana salati. Ni ke riƙe mata kwanon. Ranar sai ya yi fes. Kafin Lahadi farin ya dawo, har ya fi da.

Ɗanta Majid, mai tuƙa tasi, Larabci ya fi zama a bakinsa.

"Ya Umma, khalas, bangon nan ya mutu. A sa siminti, a sa tayil, a huta."

"Kai ka yi masa wanka da za ka ce ya mutu?"

Duk da haka ya kawo Garba, wani magini ɗan Maraɗi, don ya auna. Garba ya tsuguna, ya kankari farin da farce ya ɗanɗana.

"Gishiri ne. Bangon na shan ruwa daga ƙasa, ruwan ya bushe ya bar shi. In kun rufe da siminti, sama zai hau ya cinye sauran."

"Awo na kawo ka, ba fatawa ba," in ji Majid.

Garba bai kula shi ba. "Hajiya, da mi kike goge shi?"

"Zamzam."

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, Zamzam na ciki ne, mu sha mu sami lafiya. Amma ruwa ne mai nauyi. In ya bushe a bango yana barin abin da ke cikinsa. Ki nemi wanda ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyin ɗaki, shi ba komi a cikinsa."

Ta miƙe ta shige ɗaki, ko shayi ba ta ce a ba shi ba.

Washegari na gan ta da baƙin faranti a rana. Ta ɗiga Zamzam a gefe ɗaya, ta ɗiga ruwan na'urar sanyin a ɗaya gefen, ta zauna tana jan carbi har suka bushe. Na fari ya bar farin zobe, ɗayan bai bar komai ba. Ta daɗe tana kallon farantin.

"Astagfirullah. Ruwan ba shi da laifi, ni ce na kai shi inda ba a aike shi ba. Kira min ɗan Maraɗin nan."

Garba ya koya mata aikin. A jiƙa farar takardar goge hannu da ruwan mukayyif, a dama ta kamar ƙullu, a manna a bango da kaurin yatsa. In ta bushe sai a ɓare a hankali, ta fito da gishirin. Ya ce jarida ma za ta yi, ta ce ba za ta dama takardar da wataƙila akwai sunan Allah a jiki ba.

Sai ta bi layinmu da sandarta tana ajiye robobi ƙarƙashin mukayyif ɗin mutane. Maƙwabciyarmu Manal ta leƙo ta taga.

"Ya Hajja! An bar Zamzam an koma fitsarin mukayyif?"

"Zamzam ina sha, na ma fi ki sha. Ke dai kar ki kifar min da roba."

Duk takardar da ta ɓare sai ta ɗora a harshe. A wata na biyu ta lura gefen dama ya fi gishiri, kullum kuma da sanyi ko da azahar. Bayan wajen banɗaki ne. Ta sa ni na kara kunne, na ji ruwa na tsiyaya cikin bango a hankali. A lokacin saura taƙi ɗaya farin ya kai Jinaina.

Ba ta kai ga gaya wa Majid ba sai ga shi wata safiya da ma'aikata biyu da kwalayen tayil. Ya ce ƙannensa sun amince, gida ya zama abin kunya in an yi baƙi. Adama ta ja kujerarta ta zauna gaban bangon, ta ɗora sanda a cinya.

"Bismillah. Ku fara da ni, ku lulluɓe mu tare."

"Umma, haram alaiki, mutane na kallo."

"Su kalla. Mutumin da ya yi shekara bakwai a ƙasa don a haife ka kusa da Ɗakin Allah, ba za ka shafe sawunsa da safiya ɗaya ba. Zo nan."

Ta kama hannunsa ta manna a wurin sanyin, sannan ta nuna masa ƙofar banɗaki. Ya shiga ya daɗe. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya ce wa ma'aikatan su fasa ƙasan banɗakin. Suka tarar da bututu ya tsage. A can tayil ɗin ya ƙare.

Bangon ya ɗauki wata biyar kafin ya bushe. Farin ya tsaya ƙasa da Jinaina, rabin Abeshe ma ya tsira. Kano da Yarwa da Farlomi kam sun tafi, sai shatin da'ira.

Kwanan baya Majid ya zo yana lallaɓawa, wai ya sami mai zane a unguwar Utaibiyya da zai mayar da Kano kamar sabuwa.

"Da hannun wa?"

"Gwani ne, wallahi."

"Ya taka ta? To ya bar min gurbin. Wanda ya tambaya, ni zan gaya masa abin da ke wurin."

Ta miƙo min kwanon takarda, ta ce in ƙara ruwa, ya yi kauri.